Ranar da Kawu Mudi Ya Bar Ƙarya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata Alhamis, a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, Kawu Mudi ya shigo tsakar gida ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Daga yau na bari!" Na riƙe lokacin ne domin sabon agogo ne a hannuna, kyautar makaranta, kuma a wancan hutun ko kaza ce ta yi ƙwai sai na duba shi.

Matarsa, Inna Ladi, tana tankaɗe. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Yau kuma mi anka bari?"

Ku da kuka san shi a Tsafe kun san dalilin wannan tambaya. Kawu Mudi yayan mahaifiyata ne, dillalin jakuna, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi son ya zama na kirki ba. Ba ya iya zama wuri ɗaya, haka ma zuciyarsa. Duk bayan 'yan watanni sai ya zaɓi wani hali nasa ya yi masa saki uku a gaban jama'a. Ya bar goro, sai ga shi da tabar gari a leɓe. Ya bar gulma, wato ya daina faɗa, amma in ana yi sai ya matso da buzunsa yana cewa, "Ni dai ba ruwana. To, sai kuma mi yaf faru?" Ya bar fushi da mutane, sai ya koma zagayawa bayan gida yana zazzage wa jakinsa. Jakin nan, Allah ya sani, ya fi alƙali sanin laifin mutanen Tsafe.

Ranar nan kuwa daga masallaci yake. Wani baƙon malami ya yi wa'azi bayan la'asar, ya ce ƙarya ce uwar zunubai, ko ta wasa ce.

"Ƙarya," in ji Kawu. "Babba da ƙarama. Ko ta gaisuwa."

Sai a lokacin Inna ta ajiye rariya. "Mudi, kai dillali na fa."

"Awo. Dillalin gaskiya."

"To, Allah shi ba mu abin da za mu ci."

Da safe maƙwabcinmu mai shayi ya leƙo zaure. "Malam Mudi, an kwana lahiya?"

"Ban kwana ba," in ji Kawu. "Kuɗin cizo sun yi biki a bayana, tuwon jiya bai zauna mani ba, kuma da asuba na ji kana tari kamar tsohuwar lori. Zauna in yi maka bayani."

Bawan Allah ya zo karɓar garwashi ne, bai fita ba sai da ruwan shayinsa ya ƙone. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. A ce masa, "Ina gajiya?" ya ce, "Akwai ta, tun daga ƙugu." A ce, "Yaya iyali?" ya ce, "Ladi na fushi da ni, kuma ita ka da gaskiya, amma ba duka ba." Mutane suka koma gaishe shi daga kan keke, suna ƙara taka feda. Akwai wani tsoho da ya riƙa ɗaga masa hannu daga tsallaken titi yana ihu, "Ban tambaye ka ba, Mudi! Hannu kawai niɗ ɗaga!"

Ranar kasuwa wani mutumin garin Kekun Waje ya zo neman jaki. Mai jakin na tsaye a gefe, ya riga ya wanke dabbarsa ya shafe ta da mai. Kawu ya zagaya jakin, ya buɗe bakinsa, ya yi tsaki.

"Malam, jakin ga na da kyau ga ido. Amma shina harbi. In ya ga gada kwanciya shikai. Batun shekaru kuwa, in kun haɗu da sahe kai za ka durƙusa ka gaishe shi."

Mai jaki ya kama hannun rigarsa. "Mudi! Kai dillalina na ko nashi?"

Shi kuwa mai saye ya tsaya yana kallon Kawu, yana murmushi a hankali. Ya ga dillalai iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya kushe hajarsa ba. Ya yanke a ransa cewa Kawu so yake ya kore shi don ya saye jakin da kansa. Nan take ya ce ya saya, ko tayi bai yi ba, ya ja igiya yana waiwaye kada a ƙwace. An ce a gadar farko ta hanyar Gusau suka yini.

Kawu ya dawo gida ransa a ɓace, ya dube ni. "Kin gani, Rakiya? Tun ina saurayi nike masu ƙarya suna yarda. Yau na hwaɗi gaskiya sun ce sabuwar dabara ta!"

Mun yi dariya har Inna ta riƙe ciki. Amma ni mai yawan kallo ce, ba mai yawan magana ba, kuma na lura da wani abu da ya hana ni sukuni. Gaskiyar ta fara yi wa Kawu zaƙi. Da farko sai an tambaye shi yake faɗa, yana sunkuyar da kai. Daga baya ya fara ƙarawa da abin da ba a tambaya ba, idonsa na ƙyalli. A wani suna aka miƙa masa jariri ya sa albarka, ya duba ya ce, "Allah shi raya. Kyau dai bai zo ba tukuna." A hanya Inna ta ce, "An tambaye ka?" Ya ce, "An miƙo mani shi, ai tambaya ta."

Da na koma makarantarmu ta horon malamai mata a Gusau, abin ya bi ni har aji. Me ya sa mutum zai toshe rami ɗaya, ruwa ya ɓullo ta wani? Ga Kawu, ba ya wasa da salla, yana son Allah da gaske, amma duk halin da ya kora ta ƙofa sai wani ya shigo ta taga. Na daɗe ina juya tambayar kafin na iya buɗe baki. Malamin addini ya ce raunin imani ne, sannan ya tsawata mini don na yi magana ban ɗaga hannu ba, har jijiyar wuyansa ta tashi. Baturiyar da ke koya mana Turanci, wadda aka ce ko coci ba ta zuwa, ta ce rashin ilimi ne kawai, in kowa ya yi karatu za a daina mugunta. Kafin a tashi ta jefi wata yarinya da alli. Na koma wurin zamana da tambayata, ta ma ƙara nauyi.

To, yanzu sai batun Baba Nomau.

Baba Nomau Bamaguje ne, manomi, gidansa na gindin dutse a ƙasar Bungudu. Ba ya salla, ba ya azumi, yana shan giyarsa ta dawa, kuma duk yankin an san in ya ce e, to e ce. Tun suna samari suka haɗu da Kawu wurin dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Maciji ya taɓa saran Kawu a can, Nomau ne ya goya shi har wurin mai magani. Kawu na kiransa "Ɗan wuta", shi kuma yana kiran Kawu "Liman na jakai", kuma in suka zauna a zaure ba mai jin kunnensa don dariya.

Duk kaka, in an gama girbi, Baba Nomau zai hau lori daga Bungudu, ya sake wata a Gusau, ya sauka Tsafe da ƙwarya a kai, cike da soyayyun zabi. Kawu zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya miƙa cikin gida ya ce a ajiye sai dare. Abin da duk gidan muka sani, ba mu taɓa furtawa ba, shi ne ba a cin naman nan. Yankan wanda ba ya salla ne, in ji Kawu, bai halatta ba. In baƙo ya tafi sai a zagaya da shi baya.

Kakar wannan shekarar ina gida. Na kawo musu ruwa ke nan, Baba Nomau ya sauke ƙwarya ya ce, "Liman na jakai, na bara sun yi daɗi kuwa? Bana na ƙara yaji."

Na ga Inna ta leƙo ta bayan zana tana girgiza wa Kawu kai. Na ga Kawu ya gan ta. Ya gyara zama.

"Nomau, na bar ƙarya. Ba mu ci ba."

"Sun lalace a hanya?"

"Ba mu taɓa ci ba. Tun farko. Yankanka bai halatta gare mu ba." Da ya tsaya nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma idon nan ya yi ƙyalli. "Karen maƙwabta ya hi kowa murnar zuwanka. Tun daga tasha shika gane ka."

Baba Nomau ya ajiye ruwan da na kawo. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Kawu. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take.

"Mudi, ka ɗauka ban san dokarku ba? Kowace shekara da ransu nika ɗaukar zabin, in taka har Bungudu, limamin bakin kasuwa shi yanka da bisimillarshi, in komo gida a soya a tukunyar da ba ta taɓa ganin giya ba. Tukunyarka ta. Sunanta ke nan a gidana, tukunyar Mudi."

Bakin Kawu ya buɗe. "To, don mi ba ka taɓa hwaɗi ba?"

"Don mi ba ka taɓa tambaya ba? Ni in yi maka alheri in kuma tsaya ina yi maka shela?" Ya miƙe ya ɗora ƙwaryarsa a kai. "Na rantse da kushewar ubana, ƙahwata ba ta sake taka gidan ga."

Kawu ya bi shi har titi ba takalmi. Nomau bai waiwayo ba.

Daga ranar Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je kasuwa ya dawo ba ciniki, ya zagaya bayan gida wurin jaki ya tsaya bai ce komai ba, har jakin ma ya riƙa waiwayensa. Ya je Bungudu da kansa, Nomau ya hango shi ya haye dutse ya ƙi saukowa har lorin ƙarshe ya kusa tashi. Ya aika goro, aka dawo da shi. Ya aika riga, aka dawo da ita a ninke yadda ta je.

Da yake makarantarmu na tsakanin garuruwan biyu, kuma ina da gwaggo a Bungudu, sai aikin ya faɗo kaina, ni da ko a aji sai an ce in ɗaga murya. Duk ranar da aka ba mu izinin fita ina cikin lori, ko dai na nufi gabas ko yamma, ina maimaita abin da zan faɗa, in na isa kuma ya gudu daga kaina. Baba Nomau yana karɓata da fara'a, ya sa a dama mini fura, ya tambayi karatu. Da na ambaci Kawu sai fuskarsa ta rufe.

"Ɗiyata, ni ba ni da littahi. Maganata ita ta littahina. In na karya ta, mi yar rage mani?"

A Tsafe kuma na tarar da Kawu ya rame. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ke cina.

"Kawu, me ya sa mutum ba ya iya gyaruwa gaba ɗaya?"

"Shaiɗan," ya ce, bai ko yi tunani ba.

"To, Baba Nomau fa? Shi da bai san da zancen Shaiɗan ba, ga shi ya riƙe ka a zuci ya ƙi saki."

"Wannan ai ba shi bukatar Shaiɗan. Da kanshi shika yin aikinshi." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Rakiya, batun karen nan. Ba don Allah niy yi shi ba. Daɗin bakina nij ji."

Haka aka ɗauki shekaru, kaka na zuwa tana wucewa ba ƙwarya. A shekarata ta ƙarshe a makaranta tarin ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti a Gusau, aka dawo da shi gida, kuma kowa ya gane ma'anar dawowar. Masu dubiya su ce, "Yaya jiki?" ya ce, "Babu sauƙi, kuma kun sani." Amma duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ɗaga kai, in ya ji muryar sai ya mayar.

Inna ta ja ni gefe. "Tahi ki ce mashi Mudi ya rasu. In ya zo gaisuwa sai shi tarar da shi."

"Inna, ƙarya ce fa."

"Ke ma kin kamu? Wayyo ni, gidan ga!"

Na tafi, ban san wadda zan faɗa ba. Na tarar da Baba Nomau yana gyaran rumbu. Na durƙusa, duk jawabin da na shirya a lori ya watse, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, Kawu ba ya iya tashi."

Ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. "Na rantse, ɗiyata."

Na jira. Ya ɗauko wata igiyar. Na koma Tsafe ina kuka a bayan lori, wata tsohuwa mai daddawa tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka jarrabawa na faɗi.

Washegari da hantsi muka ji hayaniya a zaure da kukan tsuntsu. Baba Nomau ne, da zabuwa mai rai a hammata, tana ta fisge-fisge. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin tsallake rijiya. Sannan ya ɗaga ƙafa ya shigo.

Kawu ya yunƙura daga tabarma. "Ɗan wuta! Rantsuwar fa?"

"Ubana ya riga ya mutu, shi yi haƙuri. Kai ba ka mutu ba tukuna." Ya miƙa wa Inna zabuwar. "Ga ta da ranta. A kira wanda kunka yarda da shi shi yanka a gaban Liman na jakai, kar a ce."

Mai shayi ya yanka. Baba Nomau ya ce ba mai gasa ta sai shi, alhali a gidansa ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba. Ya hura wuta a tsakar gida, hayaƙi ya cika ko'ina, ya zuba gishiri, ya manta ya sake zubawa, yana yi yana zagin itacen Tsafe. Abin da ya fito daga wutar nan baƙi ne ƙirin. Ya yago tsoka ya sa wa Kawu a baki da hannunsa.

Kawu ya tauna. Ya daɗe yana taunawa.

"Yaya?" in ji Nomau.

Inna ta kama hannuna ta matse. Mai shayi ya fara ja da baya.

"Ta yi daɗi, Nomau," in ji Kawu. "Ƙaro."

Ya ci loma uku, shi da ko kunu ba ya wuce masa. Suka yini suna tsokanar juna, Nomau na cewa ko a lahira Kawu zai sami wanda zai gaya wa bai da kyau, Kawu na cewa ai ba unguwa ɗaya za a sauke su ba balle ya dame shi. Da Nomau ya fita alwalar da ba ya yi, wato ya zagaya shan taba, Kawu ya yafito ni.

"Rakiya, ba ni ruwa. Gishirin nan zai kashe ni kahin ciwon." Ya riƙe mini hannu. "Kar ki hwaɗa mashi."

A cikin makon ya cika, da rana tsaka, Baba Nomau na zaune a gefensa yana kore masa ƙuda. Da aka tsaya yi masa salla Nomau ya koma gindin bishiyar bedi ya tsaya shi kaɗai, hularsa a hannu, har aka gama.

Bayan addu'ar uku na raka shi tasha. Muna tafe, ban san lokacin da tambayar ta fito ba. Na ce masa na tambayi mai addini, na tambayi marar addini, na tambayi Kawu. Ga Kawu da sallarsa ya ƙare da ƙarya, ga shi shi kuma da maganarsa ɗaya ya ƙare da karya rantsuwa. In haka ne, wa zai taɓa cika?

"Au, zabuwar?" ya ce. "Ai na ɗanɗana. Ko karen nan ba ya ci."

Muka kai inda lorin Gusau ke lodi. Ya ajiye sandarsa ya dube ni.

"Kin tuna shekarar fari? Tunda nike noma ban taɓa ganin gonata tsab kamar wannan shekara ba. Ko ciyawa ɗaya babu, ban ko ɗauki hauya ba. Kin kuma san abin da munka ci. Ruwan da ka hidda gero, ɗiyata, shi ka hidda ciyawa, kuma ba shi tambaya gonar mai salla ta ko ta Nomau. Namu dai noma, a nome, ta komo, a sake. Kawunki gonarshi ta sha ruwa, shi ya sa hauya ba ta bar hannunshi ba har ya kwanta. Ni ban iya irin addu'arku ba, amma Allah na ji. Allah shi jiƙan Mudi, shi dubi geron, shi yahe mashi ciyawar. Ke ki ce amin, ke da kin iya."